Ranar da Ba Ta Cikin Kalanda: Bankwana da Malama Nevyana

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, da misalin ƙarfe tara na safe, Allah ya karɓi ran Malama Nevyana Sirakova a gidanta da ke Lovech, tana da shekara tamanin da ɗaya, bayan jinyar wata huɗu. 'Yarta Bilyana ce ta kira ni ta faɗa mini. Ina lambu a lokacin, ina ɗaure rassan inabi, sai na ajiye wayar a kan katanga na rasa abin da zan yi da hannuwana.

Kashegari na hau mota na je. Malama, na tarar an riga an manna takardar rasuwarki a ƙofar gida da jikin bishiyar bakin titi, ga hotonki da tabarau a goshi kamar kullum. Na tsaya na karanta ta tun daga sama har ƙasa. Allah ya yafe mini, Malama, a tsakiyar kukan da nake yi na sami kaina ina duba ko an rubuta kwanan watan daidai. Ke kika sa mini wannan halin, kuma na san da kina kusa da kin leƙo ta kafaɗata kin duba tare da ni.

Ga wanda bai san mu ba, mu ne masu rubuta Kundin Garuruwa, wani kundi a intanet inda kowa ke iya shiga ya rubuta tarihin ƙauyukan yankinmu ko ya gyara abin da wani ya rubuta. Ba a biyan kowa. Akwai likita a cikinmu, akwai mai kiwon zuma, akwai ni tsohon direban bas. Malama Nevyana ta yi shekara talatin da biyar tana kula da ɗakin karatu na wata makaranta, da ta yi ritaya kuma ta ɗauki aikin da kowa ke gudu a kundin, wato tarbar sababbin shiga da koya musu ƙa'ida. Matasanmu suna kiran ta Lelya, wato Gwaggo. Ni Malama nake ce mata tun ranar farko, ita kuma ta ce mini Direba.

Ba zan iya faɗin alherinki ba sai na faɗi rashin kunyar da na yi, don haka bari in fara daga can.

An haife ni a Lipov Brod. Yau babu wannan gari a taswira, yana ƙarƙashin ruwan madatsa tun ina ɗan shekara goma sha uku. Mu da aka tasa daga can muna haɗuwa a bakin ruwan kowace Asabar ta ƙarshen Agusta, mu shimfiɗa barguna, mu ci, mu nuna wa juna inda gidajenmu suke a ƙarƙashi. Da farko mun fi ɗari biyu. A shekarar 2013 mu goma sha tara ne. A taron wannan shekarar yayata Todorka, wadda ciwo ya riga ya fara cin ta, ta kama hannuna ta ce, "Stoimen, ruwa ya ci garin nan sau ɗaya. In muka mutu zai nutse na biyu, kuma wannan karon ko hasumiyar coci ba za ta leƙo ba. Kai da kake zaune gaban kwamfuta kana wasan kati, rubuta shi a inda zai zauna."

Na yi mata alkawari. Na kwashe kwana uku ina bugawa da yatsa biyu. Na rubuta cewa Lipov Brod garinmu ne, gari mafi kyau a faɗin ƙasar nan. Na rubuta burodin mahaifiyarmu, da ƙaramar gadar da muke faɗawa rafi daga kanta. Na rubuta cewa a nan aka haifi mahaifina, mutumin kirki, ranar bakwai ga Afrilu 1916. Na danna na ajiye, na ji kamar na gina garin da hannuna.

Da safe na tarar da jan allo a saman shafin. Wani Svilen, mai haɗa magunguna a wani kanti, wanda ya daɗe a kundin, shi ya maƙala shi. Allon ya ce za a goge shafin nan da kwana bakwai, a ƙasa kuma Svilen ya ƙara da cewa babu madogara, ba a tabbatar an taɓa yin gari mai wannan suna ba. Ni da na yi shekara arba'in ina faɗa da fasinjoji, ba a faɗa mini an goge garina sau biyu in yi shiru. Na cire allon. Ya mayar. Na sake cirewa. Na rubuta masa da manyan baƙaƙe, a tsakiyar shafin, maganganun da ba zan maimaita a takardar ta'aziyya ba. Saura ƙiris a rufe mini ƙofa gaba ɗaya, kuma da an rufe da na cancanta.

A nan saƙonki ya shigo. Har yau yana nan, kowa na iya karantawa. Kin ce, "Barka da zuwa, Malam Stoimen. Na karanta shafinka har ƙarshe, kuma na ji yunwar burodin nan. Ka taka ƙa'ida wajen shida, amma yau ɗaya kawai zan faɗa maka: cire jan allo ba ya tsayar da kwana bakwai. Ga lambar wayata."

Na kira ki da niyyar in ƙarasa faɗan da na fara. Kin bar ni na yi ta zuba har numfashina ya ƙare, sannan kika tambaye ni tambayar da duk wanda ya ratsa ta hannunki ya haddace.

"Ka ce akwai gari. Wa ya ce?"

"Ni na ce! A can aka yanke mini cibiya!"

"Taka birki, Direba. Ni na yarda da kai. To amma ni da kai duk mun kusa sauka. Wanda zai karanta bayan shekara hamsin, a wace lamba zai kira ka ya tambaya?"

Kika ce kin duba littattafan da ke hannunki ba ki ga sunan garin ba, sai dai akwai wani abu a rubutuna da ya hana ki sakat. Kika sa na maimaita ranar haihuwar babanmu. Na ce bakwai ga Afrilu 1916, haka take har a jikin dutsen kabarinsa.

"Ba a yi wannan ranar ba," kika ce.

Na ɗauka ba'a kike yi mini. Sai kika tuna mini abin da duk mun taɓa ji a makaranta muka manta. A wannan shekarar ne gwamnati ta bar tsohuwar kalanda ta koma sabuwa, mutane suka kwanta ranar talatin da ɗaya ga Maris suka tashi a sha huɗu ga Afrilu. Kwana goma sha uku babu su a takardar hukuma. Babu magatakardan da zai rubuta bakwai ga Afrilu a shekarar. Coci ce kaɗai ta ci gaba da tsohon lissafi.

"Ka gane?" kika ce cike da murna. "Limamin coci ne ya rubuta wannan ranar. In limami ya rubuta, a littafi ya rubuta, littafin kuma yana da lamba. Je ka birkita gidanku, akwai takardar baftisma a wani wuri."

Tana nan kuwa, a cikin gwangwanin da Todorka ke ajiye maɓallai da zare, a ninke huɗu. A ƙasanta akwai hatimi, sai dai sunan da ke jikin hatimin na ƙauyen da ke sama da mu ne, domin limami ɗaya ke yi wa garuruwan biyu hidima. Shi ya sa duk wanda ya nemi Lipov Brod a ma'ajiyar takardun lardi bai same shi ba. An ɗaure takardunmu ne a ƙarƙashin sunan maƙwabta.

Rana ta biyar cikin kwana bakwan nan muka haɗu a tashar mota, karon farko da na gan ki. Na zaci zan ga wata doguwar mace mai tsawa. Sai ga 'yar ƙaramar tsohuwa tana ɗingishi da ciwon gwiwa, riƙe da jaka cike da burodin cuku da kika gasa, wai don kada yunwa ta ƙara mini zafin kai. Ba ki san ni ba, ba ki da kowa a garinmu, abin da kika gani daga gare ni zagi ne kawai. Duk da haka kin hau matakalar ma'ajiyar nan hawa uku, kin zauna da ni tun safe har aka tashi. Muka sami littafin. Ga sunan babana, ga ranar da ba ta cikin kalanda. A cikin ƙunshin takardun da ke tare da shi kuma ga jerin gidajen garin, tamanin da huɗu, ga takardar umarnin tashi. Na kifa kaina a kan teburin mutane na yi kuka, kika janye littafin gefe don kada hawayena ya ɗiga a kai, sannan kika dafa ni.

Na so ki karɓa ki rubuta, tun da aikin minti goma ne a wurinki. Kin ƙi. Kika zaunar da ni a ɗakin karatu na gari kika ce garin wa ne, naka ko nawa? Da yatsuna biyu na sake gina shafin, kina gefe kina cin tuffa. A ranar na koyi cewa kowace magana sai an rataya mata inda aka samo ta, lambar ƙunshi da lambar shafi. Na koyi cewa duk kwanan watan da ya fito daga littafin coci ana rubuta shi da sabon lissafi, a sa tsohon a gefe, a faɗi wanne ne wanne. Na koyi cewa in ka yi gyara sai ka bar layi ɗaya kana faɗin abin da ka taɓa, saboda na bayanka. "Garinmu" ya koma "garin". "Mafi kyau a faɗin ƙasa" ya fita, bayan kin tambaye ni ko na zagaya sauran na auna.

Duk wannan na haɗiye. Da muka zo kan layin babana ne na tsaya. Kika ce shi ma sai ya fita, shi da burodin da gadar, domin shafi ba wurin "ni" da "babana" ba ne. Na ture kujera na ce to a goge duka, in dai babu mutane ciki me ya rage na garin?

Ba ki yi mini gardama ba. Kika nuna mini cewa bayan kowane shafi akwai wani shafin, na tattaunawa, inda masu rubutu ke magana da juna. "Wancan falo ne, na baƙi," kika ce. "Wannan kicin ne. A nan ka ce 'ni' har ka gaji, ka kawo burodin ma. Sai dai in ka gama ka sa hannu, mu san wa ya yi ɓarin gari." Kika kwashe duk abin da muka cire kika zuba a can, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba. Sannan kika sa yatsa a jerin gidajen da ke falon, a kan lamba talatin da ɗaya, gidan Varban, kika ce, "Ga babanka nan kuma, da shaidarsa. Wannan babu mai fitar da shi."

Rana ta bakwai Svilen da kansa ya cire jan allon, har ya ƙara taswirar inda garin yake a ƙarƙashin ruwa. Kika matsa mini sai na ba shi haƙuri a fili, a inda na zage shi. Na yi ta noƙewa, kika ce sau biyu 'yan ba'a suna ƙirƙiro ƙauyukan ƙarya a kundin, Svilen ne ya kama su, kuma saboda irinsa ne mai karatu zai yarda cewa namu gaskiya ne. Na ba shi haƙurin ina cije baki. Ranar jana'izarki ni da shi muka ɗauki gefe ɗaya na akwatin gawarki.

Na buga shafin a takarda na kai wa Todorka, lokacin ta daina tashi daga gado. Na karanta mata gidajen ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan karen kowane gida. Da na gama ta ce, "Ina burodin Inna?" Na ce yana kicin. Na kuma gaya mata cewa a lissafin yanzu ashirin ga Afrilu aka haifi Baba. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce ashe shekara saba'in mutumin nan yana karɓar gaisuwa kwana goma sha uku kafin a haife shi. Ta rasu a farkon sanyin shekarar, takardar tana ƙarƙashin matashinta. Wannan kaɗai ya isa in yi ta gode miki har in bi ku.

Ba ni kaɗai ba ne. A wajen jana'izarki mun ƙirga kanmu, mu ashirin da uku ne da muka shigo kundin da faɗa ko da kuskure, kika riƙe mu. Ba ki taɓa soke gyaran sabon shiga ba tare da kin rubuta masa dalili ba. Akwai saƙon maraba da aka tanada, a danna kawai ya tafi, ke ba ki taɓa amfani da shi ba, kin ce mutum yana gane tuwon da aka ɗumama. Kowa sai kin karanta abin da ya rubuta kin samo abu ɗaya na yabawa, ko da sunan kakarsa ne. Kuma ƙa'ida ɗaya kike koyarwa a rana, komai yawan ɓarnar.

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, don za ki tambaye ni wa ya ce. Kina da taurin kai a kan waƙafi wanda ya wuce hankali. Mun taɓa yin wata biyu ba ma gaisawa a kan sunan wani rafi, kina cewa littafi ya ce kaza, ina cewa na yi shekara ashirin ina tsallaka shi da bas. Da wata tsohuwar taswira ta fito ta goyi bayana, ba ki kira ni a ɓoye ba. Kin gyara shafin, a layin bayani kuma kika rubuta, "Na yi kuskure, Direba ya fi ni gaskiya." Kin san wannan layin ba ya goguwa. Nakan buɗe shi in duba duk ranar da raina ya ɓaci.

A watan Fabrairu na zo duba ki. Kin rame, tabarau ya yi wa fuskarki yawa. Kika tambaye ni wa ke tarbar baƙi tun da kika kwanta. Na ce babu kowa, ana dai danna musu saƙon maraban nan da aka tanada. Kika ce in karɓa. Na ce, "Ni, Malama? Da wannan zuciyar tawa?" Kika ce, "Saboda ita. Kai ka san yadda jan allo yake ƙuna." Ban amsa ba, na canja magana, na ce Bilyana ta ƙara miki bargo. Wannan shirun yana damuna.

Bayan an binne ki ban buɗe kwamfuta ba sai rana ta tara, da muka dawo daga addu'a da rabon dafaffiyar alkama da ake yi wa mamaci sadaka a al'adarmu. Na buɗe ne don in rubuta wa abokan aiki cewa na ajiye, kundin ba ya yi mini daɗi babu ke. Sai na ga an taɓa shafin Lipov Brod. Wata Ralitsa, sabuwar shiga, daga can Valencia inda iyayenta suka je aiki, ta rubuta da manyan baƙaƙe a tsakiyar falon: "KUN MANTA GIDANMU! GIDA TAMANIN DA BIYAR NE! KAKATA A BAYAN INJIN NIƘA AKA HAIFE TA!" Babu madogara, babu sa hannu, ta ma lalata jerin gidajen.

Jinina ya hau. Shafin da muka sha wahala a kansa! Yatsana yana kan maɓallin sokewa, sai na tuna akwai wata 'yar bukka a bayan injin niƙa, ta wata gwauruwa mai kiwon agwagi, wadda ban taɓa lura ba ta cikin jerin ba. Mu shida muka rage masu zuwa bakin ruwa, kuma a cikinmu babu wanda ya tuna da ita.

Na gyara jerin, na kwashe maganarta na kai kicin ba tare da na taɓa ko harafi ba. Sannan na rubuta mata: "Barka da zuwa, 'yata. Na san injin niƙan, na san agwagin. Yau abu ɗaya kawai zan tambaye ki: wa ya ce? Ga lambar wayata." Ta kira ni da faɗa. Na bar ta ta zuba har numfashinta ya ƙare. Yanzu haka mahaifiyarta tana birkita akwatuna, an ce akwai wata takarda mai hatimi. Ralitsa ta ce za ta zo a watan Agusta ta ga ruwan. Ga amsar da ban ba ki ba a watan Fabrairu, Malama: na karɓa.

Matasa sun so su buɗe miki shafi a kundin. Muka duba, babu littafin da ya ambace ki, babu jaridar da ta taɓa rubuta sunanki, sai takardar da ke manne a ƙofar gidanki. A ƙa'idar da kika koya mana shafin ba zai kai kwana bakwai ba, kuma ke ce za ki fara maƙala masa jan allo. Shi ya sa na zo da maganar nan kicin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Bilyana da mijinta da 'ya'yansu, da ƙanen marigayiyar, Malam Delcho, da dukan waɗanda ta tarba a bakin ƙofar kundin. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu. Allah ya jiƙan Malama Nevyana, ya gafarta mata kurakuranta, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi. Yadda ta tarbi baƙi ba ta kore su don kuskurensu ba, Allah ya tarbe ta da rahama fiye da haka. Ya haɗa ta da Todorka, su zauna su ƙirga gidajen tare.

Wannan mata ta tsamo garina daga ruwa. In wani ya tambaya wa ya ce, ni na ce, kuma ga sa hannuna.

Stoimen Varbanov, direba, ɗan gida na talatin da ɗaya, Lipov Brod.